Kuɗin Shiga Daban, Kuɗin Ciki Daban

Ƙananan kulob-kulob na wasan motoci a Birtaniya suna da wata rigima da ba ta tsufa. Idan kwamiti ya zauna tsara wasannin shekara, maganar hayar fili da ta inshora ba ta cin minti goma, domin kowa ya san ba makawa sai an biya. Amma da zarar an zo kan abincin rana, ko a cusa kuɗinsa cikin kuɗin shiga ko a bar kowa ya ji da cikinsa, sai ka ga dattawan da suka yi shekara da shekaru suna gyara wa juna inji sun fara ɗaga murya. Ni ina ɓangaren masu cewa a raba. Direban da ya zo gasa ya biya kuɗin wasa, abinci kuma ya zama zaɓi mai farashinsa a gefe. Mutum ɗaya kawai na cire daga wannan hukunci, shi ne ɗan sa-kan da ke tsaye a bakin hanya tun safe da tuta a hannu. Shi kam ciyar da shi nauyi ne a kan kowane direba, kuma daga kuɗin shiga ya kamata abincinsa ya fito.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka irin tseren da ake nunawa a talabijin nake nufi, na Formula One da miliyoyinsa. Ina! Wannan wasan masu ƙaramin ƙarfi ne. Hukumar da ke kula da shi, Motorsport UK, wadda har zuwa ƙarshen 2018 ake kira MSA, tana da ɗaruruwan kulob a ƙarƙashinta, yawancinsu na gari guda ko gunduma guda, kuma 'yan sa-kai ne ke tafiyar da su. Akwai tsofaffi ƙwarai a cikinsu. Motor Cycling Club tun 1901 yake, kuma har gobe yana shirya tafiyar Land's End da aka fara a 1908, wadda ake kwana ana tuƙi lokacin bikin Ista. A 750 Motor Club kuwa, wanda aka kafa a 1939, Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin motoci na Lotus, ya fara gwada basirarsa. Amma yawancin abin da ake yi ranar Lahadi ƙaramin abu ne, irin su otosolo: a jera robobin alama a wani fili mai kwalta, kowa ya shiga da motar da yake zuwa aiki da ita, a duba agogo a ga wa ya fi saurin zagaye su bai ture ko ɗaya ba. Tun 2020 lasisin wannan mataki, RS Clubman, kyauta ake ba da shi, don a jawo sababbin jini, musamman waɗanda ba su gaji wasan daga iyayensu ba. Da wannan manufa nake auna duk abin da zan faɗa.

Idan ma'ajin kulob zai yanke kuɗin shiga, yakan lissafa hayar fili, da kuɗin izini da hukumar ke karɓa a kan kowane direba wanda inshora ke cikinsa, da bandakin haya, da mai ba da taimakon gaggawa ko motar asibiti idan wasan ya kai a nemi haka, da kofuna, da madadin robobin da aka tattake bara. Sai ya raba jimillar da adadin motocin da yake fatan za su zo. Duk waɗannan kowane direba yana amfana da su daidai wa daida, ko ya so ko ya ƙi. Ba wanda zai ce shi ba ya bukatar inshora, ko shi ba zai taka kwaltar ba. Abinci ne kaɗai a jerin wanda mutum zai biya alhali addininsa, ko likitansa, ko lamirinsa ya hana shi taɓawa.

Abin da aka saba ci a waɗannan wurare kuwa sananne ne: burodi da soyayyen naman alade da safe, boga ko tsiran alade da rana, shayi da madara ko da yaushe. A wani otosolo da na shiga a arewacin Ingila, cikin sanyin da ke hana yatsu lanƙwasuwa, an miƙa wa kowa ɗan tikiti tare da lambar motarsa. Na karin kumallo ne, wai yana cikin kuɗin shiga. Na bi layi har gaban motar mai abinci. Farantin suya ɗaya ne a kan wuta, naman alade a dama, ƙwai a hagu, kitse na gangarowa daga wannan gefe zuwa wancan, cokalin juyawa kuma ɗaya tal. Matar ta yi mini fara'a, ta ce za ta iya ba ni ƙwai zalla. Na yi godiya, na karɓi shayi. A bayana wani saurayi Bature ya tambaya ko akwai burodi marar alkama, aka ce babu, shi ma ya karɓi shayi. Muka jingina da motata muna raba dabinon da na taho da shi, kowa da tikitinsa a aljihu. Ba wanda ya wulaƙanta mu, kuma ban ji a raina an ƙi ni ba. Kawai dai mu biyu mun biya wa wasu karin kumallo.

Za a ce nawa abin yake, ai fam biyar ne ko shida. Gaskiya ne. Amma a ƙaddara kuɗin shiga fam 40 ne, 6 daga ciki na abinci. Kashi 15 cikin 100 ke nan na abin da mutum ya biya, kuma wanda ke zuwa wasa goma a shekara ya zubar da kuɗin wasa guda da rabi. Mutanen da lasisin kyauta ya jawo su ne suka fi jin wannan a jikinsu: ɗalibi, ɗan koyon kanikanci, direban tasi da ya ajiye aikin Lahadi don ya zo. Sun riga sun sha fama da fetur, wanda a Yulin 2022 ya haura fam 1.90 kowace lita, da kayan masarufi, waɗanda a Maris 2023 hauhawar farashinsu ta wuce kashi 19 cikin 100. Tsadar nan ba ta bar masu dafa abincin ba, don haka kulob ɗin da ya haɗe kuɗin biyu dole ya riƙa ɗaga kuɗin shiga duk lokacin da mai boga ya ƙara farashi. Sabon mutum da ke duba sanarwar wasa a wayarsa bai san wannan lissafi ba. Lamba ɗaya yake gani, idan ta yi masa yawa ya wuce abinsa.

Masu son a haɗe suna da hujjojinsu, biyu daga ciki kuma masu nauyi ne. Ta farko ta wuri ce. Filayen wasan da yawa tsofaffin sansanonin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ne. Haka shahararren filin tsere na Silverstone ya fara, haka Snetterton da Thruxton da Croft da Castle Combe. A karkara suke, kuma ƙananan da kulob-kulob ke haya sun fi waɗannan kaɗaici, ba shago, ba gidan mai a kusa, wani lokaci ko waya ba ta kamawa. Mai motar abinci ba zai tuƙo mil talatin ya kunna gas a kan wataƙila ba. So yake a tabbatar masa da yawan bakin da zai ciyar, hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa kuwa ita ce a ɗora wa kowa. Matsala ce ta gaske, amma maganinta yana cikin fom ɗin shiga. Yau kusan kowa ta intanet yake rajista, kwanaki kafin ranar wasa. A ƙara layi guda: kana son abincin rana, fam kaza, i ko a'a. Ranar da aka rufe rajista sakatare ya san baki nawa ne, ya gaya wa mai abinci. Idan adadin bai kai abin da mai abincin ke so ba, to kulob ya gano abin da haɗewar ta daɗe tana rufewa, wato mutanensa ba sa son abincin nan son da za su sa hannu a aljihu. Sai a sanar tun da wuri cewa babu mai abinci, kowa ya zo da guzurinsa, a tanadi ruwan zafi da ruwan sha.

Hujja ta biyu ta fi taɓa ni, domin ta zumunci ce. Sukan ce abin da ke riƙe kulob shi ne hirar da ake yi da faranti a hannu, inda tsohon direba ke nuna wa yaro inda yake zubar da daƙiƙa biyu a kwana ta uku. Idan kowa ya shige motarsa ya ɗage gilashi yana cin abin da ya taho da shi, kulob ya zama wurin hayar kwalta kawai. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan wannan, mu da muka tashi hannu biyar a kwano ɗaya. Sai dai kwanon yana haɗa mutane ne saboda kowa na iya sa hannu a ciki. Wanda aka karɓi kuɗin cefanensa aka bar shi tsaye yana kallo, ba a haɗa shi da kowa ba. Zumuncin nan lokaci da wuri yake bukata. A tsayar da wasa na minti arba'in, a kafa rumfa guda, wanda ya saya da wanda ya taho da nasa duk su zauna tare. Shayi kuwa a bar shi cikin kuɗin shiga, kwabbai ne, kuma kusan kowa na sha.

Sai mutanen da na ce a cire. Babu wasan mota da ke yiwuwa ba tare da mashal ba, wato masu rigar ruwan lemo da ke tsaye a kwana-kwana suna ɗaga tuta, suna kashe gobara, suna tura motar da ta mutu. Ko a babbar gasar Silverstone ta kowace shekara 'yan sa-kai ne, ba albashi ake biyansu ba. Suna da ƙungiyarsu tun 1957, wadda yanzu ake kira British Motorsport Marshals Club. A ralin daji, wato tseren da ake yi a hanyoyin cikin daji, mutum kan baro gida tun kafin asuba, da man da ya saya da kuɗinsa, a ajiye shi a wata mahaɗar hanya cikin itatuwa, ya wuni nan ko ruwa ake ko ƙanƙara, kuma ba shi da ikon barin wurin ya je neman abin kaiwa baka. Da yawansu sukan zo da guzurinsu, domin sun saba da mantuwar masu shirya wasa, amma sabo da abu ba ya mayar da shi daidai. Tsayuwar mashal tana jerin farko ne, jerin inshora da hayar fili, tunda kowane direba yana amfana da ita daidai wa daida. Ba ni da wata damuwa idan fam biyu daga kuɗina suka tafi ga mutumin da zai rugo da abin kashe wuta idan injina ya kama. Ladan tsayuwarsa ne, abin da ya zaɓi ci da shi kuma tsakaninsa da cikinsa.

A kan mashal ne ma tambayar me mutum ke ci ta fi tsanani. Direban da aka ba abin da ba ya ci ya yi asarar 'yan fam, yana da hutu tsakanin zagaye, yana iya lallaɓawa ya nemo wani abu. Mashal ɗin da aka kai wa ƙunshin da ba zai iya ci ba a tsakiyar daji ya wuni da yunwa ke nan, mai yunwa cikin sanyi kuwa hankalinsa ba ya kan hanya, alhali hankalin nan nasa shi ne duk abin da aka ajiye shi a wurin dominsa. Kulob ɗin da ya iya tambayar girman injin kowace mota a fom bai da uzurin kasa tambayar 'yan sa-kansa abin da ba sa ci. Inda akwai mai abinci a fili a ba su tikitin da za su zaɓi abin da suke so, inda babu a ba su kuɗin a hannu tun da safe.

A otosolo ma lamarin ya fi sauƙi, domin direbobi ne da kansu ke karɓa-karɓar aikin mashal: rukuni ɗaya na tuƙi, wani na tsaye yana gyara robobi. Haka tsarin yake a Amurka, a wasannin ƙungiyar SCCA da aka kafa a 1944. Ko a babbar gasarsu ta ƙasa a Lincoln ta jihar Nebraska, inda direbobi kan haura dubu, kowa sai ya yi nasa zangon aiki. A irin wannan wasa waɗanda ake bin bashin abinci ba su da yawa, masu riƙe agogo ne da masu duba lafiyar motoci da sauran waɗanda suka zo aiki zalla ba su taɓa sitiyari ba.

Bukatun abincin su kansu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma kulob-kulob da yawa suna zuba su a kwando guda da sunan tsirfa. Akwai wanda loma ɗaya za ta iya kai shi lahira. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi sanwici a shagon Pret a Manger da ke filin jirgin Heathrow. Akwai riɗi a cikin burodin, ba a rubuta a jikin takardar ba, jikinta kuwa ba ya karɓar riɗi. Ta yanke jiki ta faɗi a jirgin da ke zuwa Nice, ta rasu a ranar. Fafutukar iyayenta ce ta haifar da dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2021, wadda ta tilasta wa masu sayar da abincin da suka ƙunshe da kansu su rubuta duk kayan haɗinsa, su kuma fito da abubuwa 14 da aka sani da tayar da alaji, wato rikicewar jiki idan mutum ya ci abin da jikinsa ba ya karɓa, ciki har da gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi, waken soya da alkama da danginta. Dokar ta kama 'yan kasuwa. Amma sanwicin kulob sau da yawa matar ma'aji ce ko ƙanwar sakatare ke haɗa shi a kicin ɗinta daren Asabar, kuma hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar, FSA, ta bayyana cewa mai dafa wa taron jama'a jefi-jefi a ƙaramin mataki ba lallai ne ya yi rajista a matsayin ɗan kasuwa ba, sai dai tana ba shi shawarar ya faɗi abin da ke cikin abincin. Shawarar nan ya kamata kulob ya ɗauke ta tamkar doka, domin filin da ba shi da shago a kusa ba shi da asibiti a kusa. Haka masu cutar siliyak, wadda ke hana ciki karɓar alkama da danginta, waɗanda aka ƙiyasta mutum 1 ne cikin 100 a Birtaniya. Ɓurɓushin burodi a jikin wuƙar man shanu ya ishe su kwana da ciwon ciki. Kati guda da alƙalami sun wadatar.

Mu ma da muke ƙorafin naman alade muna da namu abin da za mu kiyaye. Abincin Bahaushe cike yake da abubuwan nan 14. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake daka shi, kilishi da tunkuza ake tsoma shi, kantu riɗi ne tsantsa, man gyaɗa kuwa ba a magana. A liyafar rufe shekara ta kulob ɗinmu, irin wadda kowa ke kawo abin da ya dafa, na kai tsiren da na gasa a gida, na ajiye kati a gefensa cewa akwai gyaɗa da barkono. Wani mutum ya zo da ɗansa, yaron bai fi shekara goma ba, ƙamshi ya ja shi har ya miƙa hannu. Uban ya karanta katin, ya dafa kafaɗar yaron ya ja shi baya a hankali, sannan ya zuge jakar da ke ƙugunsa ya nuna mini allurar gaggawa guda biyu da ba ya rabuwa da su. A ido nama ne gasasshe kawai, babu abin da zai sa Bature ya zargi gyaɗa a jikinsa. Ya cika nasa farantin ya koma can nesa da yaron ya ci, ya wanke hannu kafin ya dawo.

Bayan masu lalurar lafiya sai masu addini da masu aƙida. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, kashi 6.5 cikin 100 na jama'a, a Bradford da Birmingham kuwa kusan kashi 30. Son mota a wurin matasan garuruwan nan ba ɓoyayye ba ne, kulob-kulob kuma kullum kukansu mambobi sun tsufa, babu masu gado. Ba na cewa burodi da naman alade ne ya hana yaran zuwa. Amma wanda ya zo ranar farko yana lura da ƙananan abubuwa don ya gane ko an yi zaton zuwan irinsa, tikitin abincin da ba zai iya amfani da shi ba kuwa amsa ce.

Wasu 'yan'uwa sukan ce a matsa wa kulob ya mayar da naman duka halal. Ban goyi bayan haka ba. Ba ya warware matsalar, sauya wanda aka bari tsaye kawai yake yi. Ƙa'idar addinin Sikh ta hana mabiyansa da suka ɗauki alkawari cin naman da aka yanka irin yankanmu. Hindu da yawa ba sa cin naman shanu, wasunsu ba sa cin nama gaba ɗaya. Bayahude mai kiyaye addininsa yana da nasa sharuɗɗan. Ga kuma Turawan da suka bar nama don tausayin dabbobi ko don muhalli. Ƙaramin kulob ba zai iya girki biyar ba, bai kuma kamata a nema a wurinsa ba. Abin da zai iya shi ne abinci ɗaya marar nama, a tukunyarsa daban da cokalinsa daban, kusa da wanda aka saba. Gasasshen dankalin Turawa da dafaffen wake, wanda kowane mai motar abinci a Ingila ya iya, ko shinkafa da miyar kayan lambu, ya ɗauke Musulmi da Hindu da Sikh da maras cin nama, kuma idan an kula da kayan haɗi ya ɗauke mai siliyak. Ya fi nama araha ma. Ban nemi kowa ya bar abin da ya gada yana ci ba. Tukunya ta biyu kawai na nema.

Sai rukunin da ba na tausaya wa, masu rubuta alaji a fom alhali albasa ce kawai ba sa so. Kulob ba otal ba ne. Kowace ƙarya irin wannan tana rage wa kalmar nauyi a kunnen mai girki, har ranar da mai alajin gaskiya zai zo a ɗauka shi ma tsirfa ce. Haka ɗan'uwan da ya bar layin abinci a fom ba komai, don kunya ko don kasala, sannan ranar wasa ya koma gefe yana gunaguni da harshen da ba a ji. Wanda ya tambaye ka ya fita hakkinka.

Yadda ake tambayar ma abin lura ne. Dokar kare bayanai ta Birtaniya ta sa lafiyar mutum da addininsa cikin bayanan da ke bukatar kulawa ta musamman, layin abinci a fom kuwa yana iya tona duka biyun. Ba aikin sakatare ba ne ya san wane ne Musulmi ko wane ne ke da wace cuta. A tambayi abin da mutum ba ya ci, ba dalilinsa ba. A ba mai girki adadi, ba sunaye ba, a goge bayanan bayan wasa. Inda kawai suna ke da amfani shi ne mai lalurar da za ta iya kayar da shi a fili, shi ma da yardarsa, kuma mai ba da taimakon gaggawa ne ya kamata ya sani.

Masu ciwon suga su kuma lokaci ne damuwarsu. Ciwon ba ya hana tsere. Charlie Kimball, wanda aka gano yana da shi a 2007, ya ci tseren motoci na IndyCar a filin Mid-Ohio na Amurka a 2013. Amma mai amfani da allurar insulin yana tsara ranarsa ne a kan lokacin cin abinci, kuma hukumar lasisin tuƙi ta Birtaniya, DVLA, ta ce kada ya tuƙa idan awon sugansa ya sauka ƙasa da 4. Masu shirya wasa suna da ɗabi'ar cewa a ƙara zagaye ɗaya kafin a huta, idan safiya ta tafi da jinkiri, sai hutun ƙarfe goma sha biyu da rabi ya koma biyu saura. Lokacin da aka rubuta a takarda a riƙe shi, idan dole ta sa an ɗage a sanar da lasifika. Azumi kuwa yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2016 ya faɗo a watan Yuni, ana kai awa 18 ba a sha ruwa ba, a 2025 kuma ya cinye Maris, daidai lokacin da wasanni ke farfaɗowa bayan hunturu. Mai azumi shi ne misali mafi bayyana na wanda bai kamata a karɓi kuɗin abincin ranarsa ba. Idan mashal ne a ba shi ƙunshinsa ya tafi da shi don buɗa baki. Shi kuma ya ji tsoron Allah ya auna kansa: idan jiri ya fara ɗibarsa, ya faɗa a canza shi, kada ya tsaya da tuta a hannu ido na lumshewa.

Raba kuɗin yana zuwa da nasa sharaɗin a kan direba. Wanda ya ce i a fom, sannan ya janye bayan an rufe rajista, kuɗin abincinsa ba ya dawowa ko da an mayar masa da na shiga, domin an riga an yi cefane da sunansa. A rubuta haka ɓaro-ɓaro cikin ƙa'idojin wasa, kada ma'aji ya kwana yana amsa saƙonnin neman fam shida.

Ka'idar nan ta shafi liyafar raba kofuna ta ƙarshen shekara. Yawancin kulob-kulob a mashaya suke taronsu na wata-wata, ƙananan ralin dare ma sau da yawa a can suke ƙarewa, kuma wannan al'adarsu ce tun kafin mu zo. Wanda zai iya zama da lemonsa ya zauna, wanda ba zai iya ba ya karanta rahoton taro daga baya. Amma liyafar shekara daban take, domin a nan ake miƙa wa mutum abin da ya sha wahalar shekara guda a kansa. Wasu otal-otal sukan sayar da tikitin da ya haɗa abinci da giyar tebur, kulob kuma ya karɓa haka don sauƙi. A sayar da tikitin abinci shi kaɗai, mai son giya ya saya da kuɗinsa a kantar sayar da ita, a bar 'yan kujeru kyauta ga wanda kofinsa kawai ya zo karɓa, sannan a raba kofunan da farkon dare kafin a fara zubawa.